Wa Ya Ba Su Muciya?

A wani gari, wanda ba Kura ba ne, ba kuma Kano ba (na faɗa tun da wuri don kada mutanen Ƙofar Mata su aiko a kira ni), an taɓa yin wata marina da sunanta ya kai har Agadas. Buzaye kan sauke raƙuma su jira wata cur don su sami rawanin garin. Mutum ya naɗa shi ranar angoncinsa, bayan shekara ashirin a ga ɗansa da shi, launin yana nan yadda yake.

Ba wani asiri a ciki. Ramuka ne masu zurfi da aka shafe da laso. A cika rami da ruwa, a zuba toka da katsi, a kawo busasshen baba a zuba, a rufe, kullum a zo da muciya a motsa. Sai an ɗauki kwanaki kumfa za ta taso, Sarkin Karofi ya sunkuya ya sansana, ya ce ramin ya nuna. Sannan a tsoma fari. Tsomin farko kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya juya shuɗi. A mayar, a ɗago, a mayar, a ɗago, har ya kai baƙin da mai kaya yake so, a miƙa wa mabuga. Yaron da aka kawo koyon sana'a kuwa sai ya daɗe yana jan ruwa da tankaɗen toka kafin a yarda ya riƙe muciya, domin rami guda in ya lalace, aikin wata ne ya tafi a banza.

Wata shekara arziki ya faɗo wa garin, irin wanda ake tonowa daga ƙasa ba tare da an yi noma ba. Sai Sarkin lokacin ya yi wata niyya wadda har gobe ba zan kushe ta ba. Ya sa aka yi shela cewa daga yau ɗan talaka ma ya daina yawo da fari, kowane gida a kawo ƙyallen yara a rina kyauta. Mutane suka amsa fiye da yadda fada ta zata. Kafin mako ya zagayo fari ya yi tsibi a bakin karofi har ya tare hanya. Marina ɗari ake da su, aikin na dubu ne. Aka tattaro masu jan ruwa da masu tankaɗe, aka yi musu koyon gaggawa na 'yan watanni, aka miƙa wa kowa muciya. Ramin da ke ɗaukar zane arba'in aka riƙa danna masa ɗari da hamsin. Sarkin Karofi ya je fada ya ce rini ba zai kama ba. Aka ce ya yi haƙuri, a fara tukuna, gyara zai biyo baya. Kafin gyaran ya iso, arzikin ya ja baya.

Ranar da na fara ba da wannan labari a dandalinmu, wani tsohon hedimasta da ya daɗe da ajiye alli ya katse ni daidai nan. Ya ce, "Ɗana, ai wannan UPE ce, shirin nan na karatun firamare kyauta ga kowa. Satumbar 1976, zamanin Obasanjo na soja. Yaran da suka zo sun fi ƙarfin azuzuwan da aka tanada, a gindin bishiya muka koyar da wasu, kwalejojin horon malamai suka koma yaye mutane da gaggawa." Na ce, "Baba, ni labarin marina nake bayarwa." Ya ce, "To, ci gaba da rininka."

Garin yana da wata al'ada: Sarki ba ya wuce shekara huɗu ko takwas a kan karaga, kuma kowane Sarki yakan naɗa Wakilin Rini, wanda shi sau da yawa ko shekara huɗun ba ya kaiwa. Da arziki ya ragu, aikin fada ya yi wuyar samu, sai karofi ya zama wurin ajiye 'yan uwa. Galadima zai aiko da yaro da 'yar takarda, ɗan ƙanena ne, a ba shi muciya. Madaki ya aiko da maroƙinsa da ya tsufa. Wanda ya yi wa Sarki hidima lokacin neman sarauta, in ba a sami inda za a sa shi ba, karofi. Akwai ma sunayen da ke karɓar lada duk wata, alhali ko ƙurar wurin ba ta taɓa taɓa ƙafarsu ba. Sarkin Karofi ba ya da ikon cewa a'a. Abin da ya iya kawai shi ne duk takardar da ta zo ya ninke ta ya jefa cikin wata tsohuwar adaka.

Kuɗin baba kuma yana da nasa labarin. A babban birnin ƙasar an ware wata taska musamman domin karofai, da sharaɗi guda: kowane gari ya kawo rabi, a cika masa rabi. Ma'ajin garin namu kullum yana da uzuri. Bana ana ginin sabuwar fada, baɗi za a sayi dawakin hawan salla. Kuɗin ya yi ta kwanciya a can, ramuka na tsagewa a nan, laso na zubewa, damina ta zo ruwan sama ya tsinka baba. Hedimasta ya yi gyaran murya ya ce shi ya san wata taska mai irin wannan hali: shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, dokarsa ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, jiha ta ajiye nata kafin ta ɗauki na Abuja, kuma shekara da shekaru hukumar UBEC tana kukan cewa biliyoyin naira na jibge ba a zo an ɗauka ba. Na yi kamar ban ji ba.

To, rini ya koɗe. Buzaye suka fara dawo da kaya. Uwa ta kai ƙyallen ɗanta ya shekara shida a karofi, a dawo mata da shi ba fari ba, ba shuɗi ba. Fada ta tashi tsaye, aka ce dole a ɗaga darajar rini.

Abu na farko, aka gina wa babban karofin da ke bakin titi ƙofa mai soro, aka yi mata fenti, aka rubuta sunan Sarki a goshinta. Ramukan da ke bayan gari, inda baƙi ba sa bi, aka bar su da Allah. Na biyu, aka kira taron ƙara wa juna sani a gidan saukar baƙi, kwana uku ana cin kaji, aka raba jakunkuna da kuɗin zama. Cikin mahalarta, waɗanda hannunsu ke da shuɗin baba ba su cika biyar ba.

Sai kuma ƙa'idar tsomi. Wani Wakilin Rini ya zo ya ce matsalar duk a lissafi take: a tsoma sau shida, a huta, sau uku, a huta, sau uku, sannan huɗu. Marina suka haddace. Wani ya gaje shi ya ce a'a, tara ne, sai uku, sai huɗu. Suka sake haddacewa. Wani ya zo ya ce yana tunanin sha biyu a jere sannan huɗu, da gari ya ɗauki surutu ya ce shawara ce kawai ya kawo. Duk wannan lissafi, ba wanda ya leƙa ramin ya ga ko da baba a ciki. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na babar gida. Wakili guda ya yi shela cewa tsomi shida na farko da babar gida za a riƙa yi, don ita ƙyallen ya fi sani, ita ta fi saurin kama shi. Da bakinsa ya ce sai an noma ta an tanada tukuna. Ba a noma ba, ba a tanada ba. Bayan shekara uku magajin kujerar ya fito ya ce an gwada babar gida ta gaza, a koma ta Turawa tun daga tsomin farko. Marina suka dubi juna, domin su dai ba su ga ranar da aka sauke musu ko buhu ɗaya ba.

Nan hedimasta ya kasa haƙuri. Ya ƙirga da yatsu: tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, sai 9-3-4, sai maganar 12-4 da ta taso a Fabrairun 2025. Ya ce darasin Tarihi ma an cire shi daga manhaja, aka yi shekaru, aka dawo da shi da biki. "Batun harshe kuwa, a Nuwamban 2022 ministan ilimi Malam Adamu Adamu ya sanar da cewa da harshen uwa za a koyar a shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 wani ministan, Tunji Alausa, ya soke, ya ce shi ke jawo faɗuwa jarrabawa. Ka tambayi malaman ƙauyenmu ko littafin lissafi guda na Hausa ya iso musu a tsakani." Na ce, "Baba, kana ɓata mini labari."

Ana nan aka yi wani Sarki mai zafin nama, wanda in ya sa gaba ba ya waiwaye. Ya ce shi ba ƙofa zai gina ba, marinan zai gwada. Aka ba kowane marini ɗan ƙyalle, irin wanda yaro mai shekara huɗu a koyo zai iya rinawa. Biyu cikin uku suka kasa. Sarki ya sa aka rataye wasu ƙyallayen a ƙofar gari kowa ya gani. Masu dariya na yi, masu hawaye na yi. Ni dai ba na cikin masu cewa gwajin nan zalunci ne. Uwar da ta kawo ƙyallen ɗanta tana da haƙƙin ta san hannun da za ta miƙa wa, kuma wanda bai san ramin da ya nuna da wanda ya mutu ba, ba shi da abin yi da muciya, ko ɗan wane ne. Aka sallame su.

Washegari Sarkin Karofi ya shigo fada, yara biyu na biye da shi ɗauke da adaka. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara, ban zo roƙa wa kowa ba. Cikin waɗanda aka kora akwai wanda ni kaina na fi shekara goma ina addu'ar rabuwa da shi. Amma marini ba daga sama yake faɗowa ba."

Ya buɗe adaka, ya fara jera takardu a gaban karaga.

"Wannan hatimin Galadima ne, mutum goma sha biyu. Wannan na Madaki ne. Waɗannan na Wakilan Rini ne, na da da na yanzu. Sannan, ranka ya daɗe, kowane ɗaya daga cikin korarrun yana riƙe da takardar shaida cewa ya ƙware, kuma gidan koyon rini na fada ne ya ba shi, da tambarin fada. Gidan nan kuwa ka san wa yake ɗauka. Yaro ya nemi ƙira a ƙi shi, ya nemi dukanci a ƙi shi, ya nemi ɗinki a ƙi shi, sai a ce to je ka rini, can ba a korar kowa. An gwada masu riƙe da muciya, na gode. Yaushe za a gwada waɗanda suka miƙa musu ita?"

Zaure ya yi tsit. Galadima ya gyara naɗi ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, tsufa ne. Dattijon nan ƙaurin rami ya hau masa ka." Waziri ya ce abin da ya wuce ya wuce, gaba ya kamata a duba. Aka kafa kwamitin ɗaukar sababbin marina, aka ba Galadima shugabanci saboda gogewarsa a harkar.

Sababbin suka zo, da yawansu matasa masu himma. Ba a rufa shekara ba aka gano cewa wasu daga cikinsu ta tsohuwar ƙofar suka shigo, aka sake kora. Waɗanda suka iya aikin kuma suka tarar da ramukan da aka kori na da a kansu: ga tsaga, ga baba kaɗan, ga zane ɗari da hamsin. Wanda ya sami hanya a cikinsu ya ajiye muciya ya kama sayar da goro.

Hedimasta ya ce wannan ko makaho ya shafa ya san Kaduna ce. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin ɗari, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018. Cikin sababbin da aka ɗauka, sama da 4,000 aka sake sallama a shekarar. A 2022 aka ƙara korar 2,357 bayan wani gwajin. "Batun gidan koyon rini kuwa," in ji shi, "je ka duba makin JAMB. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne cikin 400, na kwalejin ilimi 100. Wanda za a damƙa wa aji ɗaya shi aka fi sassauta wa." Na ce shi ya ambaci Kaduna, ba ni ba, kuma in an zo kama mutum shi za a fara ɗauka.

Maganar lada ba ta da tsawo, domin ladan kansa ba shi da yawa. Akwai ranar da ake bikin marina duk shekara. Wani Sarki ya tashi ran nan ya yi alkawarin cewa daga yanzu marini zai sami lada na musamman, da gida, da ƙarin shekarun aiki. Aka yi guɗa. Ƙarin shekarun ya tabbata, tunda shi ba ya cin baitulmali nan take. Sauran ana jira. Hedimasta ya ce ranar 5 ga Oktoban 2020 ya ji irin wannan daga gwamnatin Buhari a rediyo, dokar ritaya a shekara 65 ta fito a 2022, albashin musamman kuwa ƙungiyar malamai sai tuni take yi duk ranar malamai. Ya ƙara da cewa a 2025, a Abuja, ƙarƙashin hancin masu mulki, malaman firamare sun fi wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Da yunwa ta haɗu da tsoron gwaji, wasu marina suka koyi wata dabara. In ranar duba kaya ta matso, sai a shafa wa ƙyalle shuni a sama, a buga shi ya yi ƙyalli. Mai duba ya gani ya sa hannu. Wankin farko launin ya bi ruwa. Iyaye ma sun san da haka, wasunsu su ke biyan kuɗin shafen. Fada ta ji labari ta fusata, aka kira Sarkin Karofi a gaban jama'a ana yi masa faɗa, ana cewa ya zubar da mutuncin gari.

Ya saurara har aka gama. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, alfarma guda nake nema. Kowa a zauren nan ya juya bakin rigarsa, da ta 'ya'yansa in suna kusa, a ga tambarin marinar da ta rina ta."

Ba wanda ya motsa. Rigar Waziri daga ƙetaren teku aka rino ta. Ta Ma'aji daga wani ƙaramin karofi ne mai katanga da mai gadi, inda zane ashirin kacal ake sa wa rami, kuɗin tsomi guda kuma ya fi ladan marinin fada na shekara. Karofin nan mallakar Galadima ne. Sarkin Fada ya daka tsawa ya ce wannan rashin kunya ce, ba a tone-tone a gaban Sarki.

A nan hedimasta ya yi adalci. Ya ce gwamnan nan na Kaduna, El-Rufa'i, ya kai ɗansa makarantar gwamnati a 2019, kuma abin ya cika jaridu, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna maka yawan masu yi. Ya ce an kai ƙuduri Majalisar Wakilai na taƙaita wa masu riƙe da muƙami kai 'ya'yansu karatu waje, a 2022 'yan majalisa suka yi watsi da shi.

Maganin da fada ta samo wa shafen shuni shi ne wani madubi daga Turai, wanda aka ce shi zai riƙa duba launi ba tare da hannun ɗan Adam ba, ba a iya ba shi goro. Madubin ba shi da laifi, sai dai da wutar lantarki yake aiki, yawancin karofan kuwa ko aci-bal-bal ba su da ita. Aka sa rana aka ce daga baɗi duk ƙyallen da bai bi ta gaban madubi ba, ba rinanne ba ne. Wanda ya sami kwangilar kawo madubin suruki ne a gidan Madaki, amma wannan ƙila dace ne. Hedimasta ya buɗe baki zai yi maganar umarnin mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta daga 2026, da yaran da suka rubuta jarrabawar Turanci cikin dare da tocila a Mayun 2025, na roƙe shi ya bar ni in ƙarasa.

Ƙarshen ba shi da wani armashi. An yi wa Sarkin Karofi ritaya da takardar yabo, haƙƙinsa na sallama yana layi. Galadima yanzu shi ne shugaban babban kwamitin farfaɗo da martabar rini, sun je ƙasa uku ganin yadda ake yi. Buzaye sun canja hanya. Matan gari kuwa ba su daina kawo fari ba, kullum da sassafe, domin ba su da wani karofin.

In wannan takarda ta faɗa hannun wani na kusa da fada, don Allah ya isar mini da saƙo cikin ladabi. Kuɗin baba yana nan kwance a babban birni, rabi kawai ake jira, a tashi Ma'aji ya kai kafin damina ta sauka. A bar ƙa'idar tsomi guda ta kai ko shekara goma kafin a taɓa ta. In kuma za a sake gwaji, mu ba mu ƙi ba, amma adakar tana ɗakin ajiyar karofi, ba a kulle take ba, a fara da masu hatimin da ke ciki.